Ƙyallen Tatar Koko da Takardar Ingila

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina hura wuta da safen nan aka aiko mini cewa Malam Isiyaku ya rasu.

Kwana biyu kacal ya yi a asibiti. An ce zazzaɓi ne.

'Yan'uwana matan ajin yaƙi da jahilci na Kurmin Mashi, ku yi haƙuri da rubutuna. Malam ƙanen marigayi maigidana ne, malamin kimiyya ne a sakandare. Shi ya fara kama hannuna a kan fensir ina da 'ya'ya biyar, yana tsokanata wai baƙin da nake rubutawa kamar sawun kaza a laka.

Kun tuna farkon daminar nan da rediyo ta ce Faransawa za su gwada bam ɗin atam a Sahara? Aka yi ta cewa gubar za ta biyo ruwan sama. Ni da ke tarar ruwan kwano a randa, sai na koma tace shi sau uku da ƙyallen tatar koko kafin yara su sha.

A kan haka Malam ya same ni ran nan. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Matar Yaya, atam nawa kika kama yau?"

Na ce ya bar ni, ba shi ya haife su ba. Sai ya jawo turmi ya zauna, ya ce in miƙo masa kanwa. Ya fasa ta biyu, ya sake fasawa, har ta zama gari. Ya ce wasu tsofaffin Girkawa sun taɓa tunanin in aka yi ta rabawa za a kai ga ƙwayar da ba ta rabuwa, ita ce atam. Aka shekara wajen dubu biyu zancen na kwance, har wani malamin makaranta a Ingila ya tayar da shi da awo. Daga baya wani ya gano ashe ƙwayar ma da 'ya'ya a cikinta. Wani kuma ya harbi fallen zinariya, ya ga yawancin harbin ya wuce salin-alin, ya ce ashe cikin ƙwayar atam fili ne fetal, kamar filin sukuwa da ƙwayar gero ɗaya a tsakiya. Dab da yaƙin duniya na biyu aka fasa wannan geron. Wutar da ta cinye birane biyu a Japan ke nan.

Ya ce ruwan kansa atam ne, ƙyallen ma atam ne, ni ma haka.

Ya zaci hankalina zai kwanta. Wallahi kwana biyu ban iya kallon tafin hannuna ba.

Abin da ban gaya muku ba shi ne, ɗan farina ya sami gurbin karatu a Ingila, kuma wannan ilimin zai karanta. Takardar yarda tana ƙarƙashin fanteka tun watan jiya. Malam na da ikon sa hannu, shi ne uba yanzu, amma ya ƙi. Ya ce ba zai raba ɗa da uwa a bayan idonta ba. Ni kuwa na ce ɗana ba zai je ya taɓa abin da ke ƙona mutum har inuwarsa ta manne a bango ba.

Ranar Juma'a ya zo da ƙullin lemo a kekensa, ruwan sama ya jiƙa shi, yana ɗan tari. Ya ga ƙyallen a shanye. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Ba su gwada ba tukuna, amma za su gwada. Ranar da abin ya sauka a randarki, wa zai auna ya gaya mana gaskiya? Ƙyallen nan ba zai faɗa miki ba."

Na ce ya sha ruwa ya tafi. Ya sha, ya ce Litinin ake rufe karɓar takardar.

Gobe ce Litinin.

Tun safe zuciyata ke raya mini ko ruwan da ya doke shi a hanya ne ya kashe shi. Na san ya ce ba a gwada ba. Amma wanda zan tambaya an kai shi makwancinsa kafin azahar, kuma duk unguwar nan ban san wani da zai amsa mini ba.

Bayan la'asar na ɗauko takardar. Akwai layin da za a rubuta sunan yaro. Kun san ɗan fari, shekara goma sha tara bakina bai taɓa kiran sunan nan ba. Na rubuta shi, baƙi baƙi, yadda Malam ya koya mini. Na sa nawa a ƙasa.

Tsoron bai tafi ba. Ɗazu ma sai da na tace ruwa.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wadda ta karanta, ko aka karanta mata, ta yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In kin shafa, ki sa da yaron nan, Allah Ya dawo mini da shi lafiya.