Ya Zo Jidda Bai Shigo Ba

Ina da tsohon ciki aka kama maigidana. Direba ne, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ya kai ɗakunan ajiya a unguwar Mahjar, nan Jidda. Wata Alhamis bayan la'asar ya daki shingen titi da motar kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar. Bai taɓa kowa ba, alhamdu lillahi, amma da 'yan murur masu kula da hanya suka leƙo ta taga sai suka ji wari. Gorar da ke ƙarƙashin kujerarsa ba ruwa ba ne a ciki, giyar nan ce da ake dafawa a ɓoye, fara tas.

Ni ban taɓa ganin ya sha ba. Abin da na sani, yakan dawo yana taunar hel, 'ya'yan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, ni kuwa ina zaton gahawa ya sha wurin abokai.

Alƙali ya yanke masa ɗauri da bulala, in ya gama a mayar da shi Najeriya. Yana tsare na haifi 'yarmu. Da aka kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, na so in kai masa ita ya gani. Umma ta ce ba a kai jinjira irin wannan wuri. Kawu, ƙanen Umma, yana zaune a tsakar gidanmu na Hindawiyya yana shan shayi, ya yi dariya.

"Ke 'yar nan, tarhil ai jirgin kyauta ne! Ni sau nawa aka kai ni? In je in ga dangi, in ci tuwon dawa, in canja suna a sabon fasfo, in dawo da bizar umra. Sunayena sun fi rigunana yawa."

Umma ta ce, "Ai shi ya sa ko mai bin ka bashi bai san wa zai kira ba."

Kowa ya yi dariya, har ni. Haka aka saba a unguwarmu tun kafin in yi wayo. Wanda aka kora a bara, a bana ka gan shi a masallaci da sabon suna, a yi masa barka da zuwa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Kafin a sa shi a jirgi maigidana ya kira ni da wayar aro, ya ce an ɗauki basmarsa, wato hoton yatsunsa. Na ce to ya wanke tawadar da kyau. Ya ce babu tawada, wani gilashi ne mai haske aka ɗora masa yatsu, aka kuma ce ya kalli wata na'ura. Na gaya wa Kawu.

"Gilashi ko tawada, wa zai zauna yana duba yatsun mutane? Kin san yawan masu shigowa? Matsoraciya, tun kina ƙarama ko ƙadangare kika gani sai kin kira Umma."

Na bar maganar. Karatuna bai yi nisa ba, kuma shi Kawu ya je ya dawo, ni ban taɓa fita Jidda ba tun da aka zo da ni a goye. Maigidana ma bai so canja sunan ba, ya ce sunan ubansa ne. Muka taru a kansa ta waya har ya yarda, ya yi sabon fasfo, ya nemi bizar umra.

Ranar da zai sauka, Yaya ya kai mu filin jirgi da hantsi. Na sa wa yarinya jar riga, na yi mata kwalli. Lokacin ta fara zama, haƙori ya tsattsago a ƙasa. Muka tsaya inda masu umra ke fitowa. Duk namiji mai harami da ya ɓullo sai gabana ya faɗi. Ina duba tafiya, ba fuska ba, don shi yana ɗan jan ƙafar hagu. Ayarinsu ya fito, ya shige motoci, wuri ya yi fayau. Wata dattijuwa a cikinsu ta ga ina ta leƙe, ta ce, "Yarinya, an tsayar da mutum ɗaya a ciki. Wani dogo."

Can wayar Yaya ta yi ƙara, ya saurara kaɗan, ya miƙo mini bai dube ni ba.

"Kina ji na?" in ji maigidana. "Ina ɗora yatsa tsohon sunana ya fito. Jami'in ya karanta mini komai, tuƙi cikin maye, da ɗaurin, da korar. Ina cikin harami, ga mutane a bayana. Ya ce mai irin wannan hukunci ba ya shiga. Halas, wato an gama magana. Jirgin da ya kawo mu zai mayar da ni."

Na ce ko umrar ma? Ya ce ko ita.

"Kun zo da ita?"

"Ga ta a kafaɗata."

"Sa mini ita in ji."

Ta yi barci da zafin nan. Na kara mata wayar a kunne, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana kiran sunanta. Na girgiza ta, na hura mata fuska, na ɗan matsa mata yatsan ƙafa, ta juya kai kawai. Can wanda ya ara masa wayar ya karɓi abinsa. Sai da muka kai mota ta farka tana tsala ihu.

Da muka koma gida Kawu ya ce zamani ne ya canja, ya kwana biyu bai zo shan shayi ba. Ban riƙe shi a rai ba, abin da ya sani ya faɗa. Abin da ke cina shi ne tarhil. Mota ɗaya ce daga gidanmu, da an bar ni na kai ta da ya ɗauke ta a hannunsa ko sau ɗaya.

Yanzu yana Kano yana tuƙa motar haya, ya ce ko lemon kwalba ba ya so ya gani a mota. Yana cewa in taho. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, a kan ta Babana take, in na fita da niyyar zama ba ni da hanyar dawowa, ga ƙafafun Umma sun fara kumburi. Kullum ina ce masa bayan salla. Yarinya ta fara magana, in Yaya ya shigo sai ta ruga tana cewa Baba. Nakan gyara mata, wani lokaci kuma in bar ta.