Kwanon Ful a Kan Eriya

Yau da safe a unguwar Waziriyya ta Jidda na tarar da Baba Idi, dattijon da ke ɗaukar kaya a motarsa, yana ta murɗa rediyo, gumi na zuba. Irin mai kama tauraron ɗan'adam ne. Jiya aka liƙa masa 'yar eriyar a rufin mota ya yi ta magana, yau ko tari ya ƙi.

Damuwarsa, 'yarsa ta bugo daga Katsina cewa za a karanta gaisuwarta a shirin Hausa na safen nan.

Na ɗaga kai, sai ga kwanon silba kife a rufin.

"Baba, wannan kwanon fa?"

"Eriyar na rufe, ya waladi, ɗana. Ranar Jidda da ke narkar da takalmi, wannan 'yar mitsitsiyar za ta bari?"

"Ai sama take son gani."

"Halas, shi ke nan, ta gani da yamma!"

Na tsaya ina kallo. Ashe kwanon ful ne, dafaffen waken nan na Larabawa, ba a wanke ba. Wata mage ta haura, ta shinshina, ta ture shi. Kwano na faɗuwa rediyo ya ɓarke: "Sai mahaifina Idi direba, can Jidda."

Baba ya dafa ƙofar mota, yana dariya yana share ido. Nan take ya sayo wa magen kifin gwangwani.

Ku me kuka taɓa lulluɓewa don tausayi har ya daina aiki? Mai cewa ƙari na yi, ya tambayi Usmanu mai shayi da Hajiya Rabi mai gyaɗa, a gabansu aka yi.