Ashe Ba Keke Ya Kayar da Babanmu Ba



Jiya na je Shagari wurin wani tsohon soja, Baba Sajan, don in naɗi muryarsa a waya. Muna tattara labaran waɗanda suka yi yaƙin basasa ne kafin su ƙare. Muna gama gaisawa ya tambaye ni ɗan wa nake. Na ce ɗan marigayi Umaru tela na Bodinga.

Sai ya ajiye carbinsa.

"Umaru mai ɗingishi? Mi yac ce muku ya samu ƙahwar nan?"

"Daga kan keke ya faɗo, Baba."

"Keke? Harsashi na, ɗana! Ni aka halba, ya goyo ni, sannan shi ma aka same shi. Bai aje ni ba."

Shekara talatin ina tare da mahaifina, ban taɓa jin ya ce ya sa kaki ba.

Baba Sajan ya ce a Jamhuriya ta Biyu, da abinci ya yi wuya har ana layin shinkafa, duk ranar kasuwa babanmu kan kawo masa gero. Mu kuwa muna gida muna ƙorafin tuwo ya ragu.

Da na dawo na tambayi Inna. Ta share hawaye ta ce babanmu ne ya hana a faɗa mana.

Jama'a, mai tsoho a gida ya zauna ya tambaye shi tun yana da rai. Akwai wanda irin wannan ta taɓa samu?