Giɓin Lahcen da na sayar wa mahauci

Lahcen tela ne a bayan kasuwar Marakesh, amma hannunsa ya fi sanin karta. Sai ya yi awa goma a teburin poka, shayinsa ya huce, yana jiran kati mai kyau bai gaji ba. Ni na fara lura da wannan haƙurin nasa. Ina so a tuna da haka.

Shekara shida ina biya masa kuɗin shiga gasa. Ƙa'idar ba ɓoyayyiya ba ce: in ya ci mu raba biyu, amma sai an fara cike giɓin abin da ya faɗi a baya. Giɓin ya kai dirhami dubu tamanin. Wasansa bai lalace ba, katin ƙarshe ne kawai ba ya sonsa. Na san haka. Sai dai in mutum ya tsufa, yakan bar duba wasa ya koma duba sakamako.

Wata safiya Mbarek mahauci ya tare ni.

"Si Driss, sayar mini da giɓin telan nan. Dubu ashirin, giɓin da rabonka su koma hannuna."

"Kai da ba ka bambance sarki da sarauniya a kati?"

"To, malamin karta. Ni dai na san rago mai ƙashin kirki ko ya rame."

Na karɓa. Da Lahcen ya ji, ya sumbaci kaina kamar kullum.

Bayan wata uku ya zo na biyu a babbar gasar bazara, ya ci dirhami dubu ɗari tara. Mbarek ya sayi sabon firiji. Yanzu yana datsa nama yana koya wa mutane poka. Ni na koma sayen nama can nesa, a unguwar Gueliz. Tafiyar ƙafa tana da amfani ga mai shekaruna.

Ana gab da gasar kaka na dafa shayi, na kira Lahcen.

"Ɗana, in akwai kason da ya rage, ko goma cikin ɗari ne..."

Ya daɗe yana juya kofinsa. "Baba, Mbarek ya riƙe duka. Amma na roƙe shi ɗaya cikin ɗari ya zama naka, kyauta. Ya yarda."

"Ya yarda," na ce. "Allah ya saka masa."

Ranar gasar ban je ba. Na zauna a gida, waya a cinyata, carbi a hannuna. Matata ta leƙo ta ce, "Addu'a kake wa Lahcen?"

Na ce mata eh. Ba ta tambayi wace iri ba.