Sunan Yaya Habu a Ƙarƙashin Koren Fenti

Yau shekara tara da rasuwar yayana Habu, Allah ya jiƙansa, kuma da cutar da aka yi mana zan fara. Ko arba'in ba a yi ba, wani Alhaji mai kamfanin man gyaɗa a Tarauni ya sa aka shafe sunan Yaya da koren fenti a jikin injin matsar man da muka ƙera masa, aka manna rubutun Sin a kai. Da na je na yi magana, a gaban leburorinsa ya ce min inji shi ne abin da aka sauke daga jirgin ruwa cikin akwati. Namu wai ƙirar maƙera ce, kunya yake ji baƙi su gani.

Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, ba na ja da masu takarda. Amma na san abin da Yaya ya koya min a rumfarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi. A wurinsa, ƙarfen da ya ɗauke wa mutum wahala, in ya tsaya kuma ka kwance shi ka tashe shi da hannunka, shi ne inji. Wanda sai an jira wani ya zo daga waje, wannan baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne. Kalmar na'ura ya bar wa 'yan rediyo. Da sukundireba yake jin ciwon inji, bakinta a jikin ƙarfe, ƙotar a kunnensa, ya ce boris ne, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke juyawa a ciki. A buɗe, boris ɗin ne.

Da zai leƙo yau, da ya sha dariya. Masu niƙa da masu casa daga Babban Giji har Ƙauyen Alu, "irin na Habu" suke tambaya. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, wannan ya bari, kuma ni ke buga sunan da guduma a jikin kowane injin da na ƙera.

Watan jiya sai ga Alhajin nan mai man gyaɗa a rumfa. Injunansa na waje duk sun kwanta, babu kayan gyara, namu kaɗai ke riƙe da kamfanin. Biyu yake so irinsa.

Na bar shi tsaye sai da na gama walda, sannan na ce, "Alhaji, zan ƙera, Yaya bai taɓa korar mai kawo aiki ba. Amma kafin in yanka ƙarfe, ka tara leburorinka, ka ɗauki burushin ƙarfe ka kankare koren fentin nan daga kan sunan Yaya da hannunka. Babbar rigar taka kuma kawo, ni zan riƙe maka."