Jaririyar da Ta Fita Suna da Rigar Gwanjo

Wata rana, a wani gidan haya a Funtuwa, aka yi taron sunan da matan unguwar suka daɗe suna zancensa.

Mai jegon sunanta Zuwaira. Haihuwar fari ce. Mijinta Mukhtari ɗan acaɓa ne, abin da ya samo yau shi ake ɗorawa a murhu gobe.

Tun cikin yana ƙarami ta yi wa kanta faɗa: abin da ke cikin nan ba zai zo ya tarar da gida babu hatsi ba don kawai a burge mutane.

Sai ta fara shiri a hankali.

Ranar kasuwa ta tafi layin 'yan gwanjo, ta tsuguna da tsohon cikinta tana tona, ta zaɓo riguna masu laushi da huluna da safa. Ta dawo ta wanke su da ruwan zafi, ta shanya a rana, ta goge, ta ninke.

Tsofaffin zannuwanta na auduga ta yayyanka, ta kalmashe bakinsu a kan kekenta na ɗinki, suka zama nafkin. Famfas kuwa, ita da maƙwabtanta suka haɗa hannu suka ɗauko katan a wurin 'yan sari suka raba. Nata ta ajiye don kwana da zuwa asibiti.

Omo a mudu take awo, ba na leda mai hoto ba. Sabulun ruwa na wanke-wanke da goge ɗaki ta koyi haɗawa da kanta, ta ɗura a gorunan ruwa. Gindin tukunya, toka da soso sun ishe shi. Man kaɗanya ta tanada na shafa. Bahon wanka ma na yayarta ne, an yaye yara a cikinsa amma ko tsagewa bai yi ba.

Ana cikin haka yayar mijin, Anti Lubabatu, ta zo daga Kaduna duba su. Ta kalli kayan sama da ƙasa, ta taɓe baki. Ta yanke hukunci: a sayar da keken ɗinkin nan, a sayo gadon jariri mai labule, da saitin wanka, da keken turawa. Ta ce su a danginsu ba a saba abin kunya ba.

Da ta tafi, Mukhtari ya shiga sosa ƙeya. Yayarsa ce, ita ta goya shi. Ya ce ko dai a yi yadda ta ce, saboda bakin mutane.

Zuwaira ta ce masa bakin mutane bai taɓa ɗora wa kowa tukunya ba, kuma keken ɗinkin nan babu inda za shi.

Allah Ya sauke ta lafiya. 'Ya mace, aka raɗa mata Ummulkhairi.

Ranar suna ɗaki ya cika maƙil. Turare na tashi, jaririya na yawo daga hannu zuwa hannu.

Da ta iso hannun Anti Lubabatu, sai ta juya wuyan rigar ta duba. Ta ɗaga ta leƙa nafkin. Ta ɗaga murya yadda har na tsakar gida za su ji:

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! 'Yar ƙanena a cikin tsumma da kayan matattu! Ke Zuwaira, rowa ce ko rashin sanin darajar ɗa?"



Kowa ya san al'ada. Mai haihuwar fari kanta a ƙasa yake, ko kallon ɗanta ba ta yi a gaban mutane, balle ta tanka wa dangin miji. Mahaifiyar Zuwaira da ke gefenta ta matse mata ƙafa, alamar ta yi shiru.

 Zuwaira ta tuna ranakun da ta yi tana wanki da ciwon baya.

Ta ɗago kai.

"Anti, shinshina ta. Kin ji wari? Duba jikinta, kin ga ƙurji ko ɗaya? Tsumman nan da hannuna na ɗinka, da hannuna na wanke. Anjima kaɗan kowa zai koma gidansa, a bar ni da ita. Ni ba don taron yini ɗaya na haife ta ba."

Ta miƙa hannu biyu.

"Ba ni 'yata."

Anti Lubabatu ta dire jaririyar, ta figi gyalenta ta fice. Ko abinci ba ta ci ba.

Kada ku ɗauka tafi aka yi wa Zuwaira. Wasu suka ce idonta a tsaye yake. Wasu suka ce 'yan zamani ba su san alkunya ba. Mahaifiyarta ta yi mata faɗa son ranta. Anti kuwa ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta. Zuwaira ba ta fasa gaishe ta ba, ta kuma ba ta haƙuri a kan mayar mata da magana. Amma gado mai labule, ko farashinsa ba ta tambaya ba.

Abin da yawancin mutane ba su gani ba shi ne abin da ya faru bayan la'asar ɗin ranar.

Taro ya watse, saura wata yarinya mai tsohon ciki, Safara'u, matar wani ɗan'uwan Mukhtari. Ta matso bakin katifa, ta kunce bakin mayafinta. 'Yan kunnenta na aure ne a ƙulle a ciki.

Ta ce da muryar kuka, "Yaya Zuwaira, gobe zan kai su kasuwa. An ce in ban sayi saitin jariri ba za a yi da ni. Ni ban san ana iya cewa a'a ba."

Zuwaira ta ce, "Mayar da su kunnenki, ki zauna mu yi magana."

Nan take Safara'u ta mayar da su.

Darasi: Jariri bai san sabo ba, bai san gwanjo ba. Tsafta ya sani, da ƙoshi, da ɗumin uwa. Wanda zai yi miki dariya ranar suna ba zai zo ya ciyar da ke ranar da tukunya ta bushe ba. Tattali ba rowa ba ne, kuma girmama manya ba ya nufin ki tsiyata gidanki.

Akwai wata mai ciki da ke zaune yanzu tana tunanin abin da za ta sayar. Ku tura wannan har ya kai gare ta.