Wai Aljani Ne Ya Kashe Alhajin

"Sake karanta min wajen nan, Hadiza."

Na sake karantawa. Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Tunda idonsa ya daina ganin rubutu, ni nake karanta masa littattafan binciken kisan nan bayan la'asar, a barandarmu ta Malali. Huɗu muka cinye tare. Tsohon ma'aikacin kotu ne, ba ya wasa da hujja. Tun tsakiyar na biyar ya ce direba ne ya kashe Alhajin, ya kawo dalili uku.

Ni kuma rawar kai ta ɗebe ni, na zuba dalilan a guruf ɗin waya na marubuciyar littafin, inda take sakin labarin shafi-shafi. Kowa ya ce wallahi haka ne. Sati biyu ba ta ƙara sakin komai ba.

Yau ƙarshen ya fito. Wai aljani ne. Aljanin da ko sau ɗaya ba a taɓa ambata ba!

Na ce, "Baba, ashe ba ka canka ba."

Ya ce, "Na canka, 'yar nan. Na sha gani a wajen aiki, in gaskiya ta fito da wuri sai a sauya takarda. Rufe kawai."

Na ce ko gobe mu fara wani? Ya ce in miƙo masa rediyonsa.

Don kada a ce wani tsoho ya gano ta, marubuciyar ta sauya ƙarshen, ta kashe mana la'asar ɗinmu. Ku gaya min tsakani da Allah, laifin bakina ne ko nata?